Cin zali tsakanin yara a makarantun Tawa: tambayoyi da amsoshi kan horar da ma'aikata

Wannan shafi na malaman firamare da kwaleji ne, da daraktoci, da malaman allo, da masu gadi, da matan da ke dafa abinci ko sayar da shi a bakin makaranta, da ƴan kwamitin CGDES mai kula da tafiyar da makaranta, a cikin garin Tawa da sauran sassan jihar. Tambayoyin su ne waɗanda suka fi fitowa idan aka zauna da ma'aikata kan maganar yaran da ke cutar da ƴan'uwansu yara.

Yara ai sun gaji faɗa da juna. Me ya kai a tara manya a ce za a horar da su a kan wannan?

Gaskiya ne, ko harshe da haƙori ana saɓawa, kuma ba kowace hatsaniya ce ke bukatar zaman kwamiti ba. Amma faɗa daban, cin zali daban, kuma rashin iya raba su ne ke sa malami ya kori yaron da ya zo neman ceto da "je ku shirya". Masanin halayyar ɗan Adam Dan Olweus, wanda ya yi aikinsa a jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe, ya ba da ma'auni uku da har yau ake aiki da su: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ta yadda wanda ake cuta ba ya iya kare kansa. Ƙarfin nan ba na damtse kaɗai ba ne. Yana iya zama na shekaru, ko yawan abokai, ko kuɗin gida, ko kaifin baki.

Duk Ba'adare ya san kokowa: tsara ake haɗawa da tsara, kowa ya shiga fili da yardarsa, akwai alƙali, da an yi kaye magana ta ƙare. In ka ga ƙato yana kayar da ƙaramin yaro kullum safiya, babu alƙali, yaron kuma bai nemi karawa ba, ba za ka kira wannan kokowa ba.

Kuma abin ba kaɗan ba ne. Rahoton da UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya ya ce an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabata, a Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kai kashi 48 cikin 100. A Norwe sai da yara maza uku suka kashe kansu a 1982 kafin ƙasar ta tashi da gangami a 1983. Ba ma fatan sai an kai can kafin mu farka.

To ina wasan taubashi? Ba za ku kashe mana al'ada ba?

Ko kusa. Wasan taubashi abin alfaharinmu ne, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, kowa yana da bakin ramawa, kowa yana dariya, kuma akwai inda ake tsayawa. Abin da ake koya wa ma'aikaci shi ne ya dubi fuskar wanda ake yi wa, ba fuskar masu dariya ba. Yana ramawa? In ya ce ya isa, ana bari? Ko kullum shi kaɗai ne a tsakiya?

Akwai kuma gorin da bai taɓa zama wasa ba, wato gorin asali: ɗan bayi, ɗan maƙera, ɗan mahauta, shege. A jiharmu wannan ciwo ne mai zurfi. Nijar ta mayar da bauta laifi a dokarta a 2003, kuma shari'ar Hadijatou Mani, matar da aka riƙe a bauta, da kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (CEDEAO) ta yanke a 2008 daga yankin Ƙonni ta taso. Yaro ba ya ƙirƙiro irin wannan gori, a gida ko a dandali ya ji shi. Malamin da ya ji an faɗa a ajinsa ya yi shiru ya sa hannu ke nan. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, kuma babu uban da zai yi musu da malamin da ya tsaya a kan wannan.

Wa ya kamata ya shiga horon? Ba malaman aji kaɗai ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta. Cin zali ba a gaban allo yake faruwa ba. Yana faruwa ne a bayan ban ɗaki, a bakin famfo, a lungun da ke tsakanin azuzuwan zana, a bakin ƙofa lokacin tashi, a kan hanyar komawa gida. A waɗannan wurare malamin aji ba ya nan. Mai gadi yana nan. Mai ƙosai da mai awara suna nan, kuma su suka san yaron da ke miƙa dala biyar ɗinsa ga wani babba kullum kafin ya iso gaban tirensu. Mai dafa abincin kantin ta san wanda ake ture wa hannu daga kwano. Mai shara ya san abin da aka rubuta a bangon ban ɗakin ƴan mata.

Mutanen nan sun daɗe suna gani. Abin da ya hana su magana shi ne ba a taɓa ce musu maganar ta shafe su ba, kuma suna tsoron a ce sun yi shisshigi. Saboda haka a kira su zaman, a ba su kujera daidai da ta kowa, a yi bayanin da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci, kada a tsaya a Faransanci. Sannan darakta ya faɗa a gaban kowa: in kun ga abu, ga wanda za ku gaya wa, kuma ba za a ambaci sunanku ba. A sa ƙungiyar uwayen ɗalibai ta AME su ma, domin akwai maganar da ɗiya mace ba za ta taɓa faɗa wa malami namiji ba amma za ta faɗa wa inna.

Da me ake gane yaron da ake zalunta in bai faɗa ba?

Mafi yawansu ba sa faɗa. Suna jin kunya, suna tsoron ramuwa, wasu kuma sun taɓa faɗa aka ce su yi haƙuri. Don haka ido ake horarwa.

Ga yaron da da an kaɗa ƙararrawar hutun ƙarfe goma kowa ya ruga waje, shi kuwa ya tsaya yana neman a ba shi sharar allo, ko yana ta raɓe-raɓe kusa da teburin malami. Sau da yawa sai a ce yaron kirki ne, alhali filin ne yake gudu. Ga yarinyar da ba ta shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kai ta ban ɗaki, tana matse ƙafa har a tashi. Ga wanda kayensa ke yagewa, allonsa ke karyewa, bik ɗinsa ke ɓata mako bayan mako, in an tambaye shi ya ce shi ya yar. Ga wanda aka ba kuɗin ƙosai ya koma gida da yunwa, ko ya fara ɗaukar kuɗin uwarsa alhali da ba halinsa ba ne. Ciwon ciki ko ciwon kai da ke tasowa da safiyar Litinin ya warke ranar Asabar. Makara kullum saboda ya sake hanya. Hannun da a da ke tashi a aji yanzu ya daina. Fitsarin kwance da ya dawo wa yaron da ya daɗe da bari, musamman a makarantar kwana.

Alama ɗaya ba hujja ba ce. Yunwa, zazzaɓin cizon sauro ko rigimar gida duk suna kawo irin haka. Abin lura shi ne sauyi: yaron jiya ba shi ne na yau ba. Littafin kiran suna kuwa yana faɗin abubuwa da yawa ga wanda ya duba shi da niyya.

Akwai yaran da suka fi shiga haɗari?

Akwai, kuma kowane malami ya san su in ya yi tunani: mai in'ina, mai farfaɗiya, zabiya, gurgu, mai amosanin jini da ke yawan fashi, wanda ya maimaita aji har ya girmi kowa, da wanda ya fi kowa ƙanƙanta. A jiharmu a ƙara da ɗan riƙo, da yaron da ubansa ya tafi ci rani Abijan ko Libiya ya bar shi hannun kaka, da ɗan ƙauyen da ya ci jarrabawa ya zo kwaleji a gari yana zaune gidan wani, da yaran da rashin tsaro ya koro daga wajen Tillia da Tassara, waɗanda wasunsu ko Hausa ba su kama ba tukuna. Mai cin zali yana zaɓen wanda ya san babu mai zuwa tambaya a kansa.

Na ga abin da idona. Me zan yi nan take?

Ka tsayar da shi a lokacin, ko da kana sauri. Ka shiga tsakani, ka faɗi abin da ka gani a taƙaice: "Na ga ka ƙwace masa abinci. Ba a yin haka a makarantar nan." Ka sallami masu kallo. Ka duba ko akwai rauni. Kada ka buɗe shari'a a tsakar fili, kuma kada ka tambayi wanda aka cuta a gaban wanda ya cuce shi, domin zai ce wasa suke yi. Daga baya ka ji kowa shi kaɗai.

Yaro ya zo ya faɗa mini da kansa. Yaya zan karɓe shi?

Wannan ɗan lokaci shi ne zuciyar horon gaba ɗaya. Yaron da ya tsaya gabanka yana murza gefen rigarsa wataƙila ya yi makonni yana tara ƙarfin hali. Abin da ya gani a fuskarka shi zai sa ya ci gaba ko ya haɗiye sauran har abada.

Ka ajiye abin da kake yi. Ku koma inda ba a jin ku amma ana ganin ku, kamar gindin itace ko aji mai buɗaɗɗiyar ƙofa. Ka zauna daidai tsayinsa. Ka ce masa: "Na ji ka, yarona. Ka yi daidai da ka faɗa mini. Ba laifinka ba ne." In yarinya ce: "Ɗiyata, faɗi a hankali, ba na sauri." Ka bar shi ya yi magana da bakinsa, in ya tsaya ka ce "sai me ya faru?" Kada ka sa masa suna a baki, irin "wane ne ko?", domin yaro yana iya amsa e don ya faranta maka.

Akwai kalmomin da ke rufe bakin yaro, kuma a bakinmu suke kullum: "Kai me ka yi masa?" "Kai ba namiji ba ne?" "Me ya kai ki can?" "Ka cika kawo ƙara." A wajen horo ana sa ma'aikata su yi kwaikwayo, ɗaya ya zama yaro ɗaya ya zama malami, don kowa ya ji yadda waɗannan kalmomi ke sauka a kunne.

Kada ka yi alkawarin cewa ba wanda zai ji. Ba za ka iya cika shi ba, kuma in ka karya shi yaron ya daina yarda da manya. Ka ce: "Ba zan yaɗa ba, amma dole in gaya wa mutum ɗaya da zai taimake mu, kuma zan faɗa maka ko wane ne." A ranar ka rubuta abin da ya ce da kalmominsa, da kwanan wata, ka kai wa wanda makaranta ta ɗora wa wannan aiki. Sannan ka tambaye shi abin da ya fi tsoro, domin sau da yawa amsar ita ce hanyar gida yau da rana, kuma wannan ce za a fara magancewa.

Me ya hana a haɗa su a ce su yafe wa juna? Ai sulhu alheri ne.

Alheri ne tsakanin tsararraki biyu da suka saɓa kan ƙwallo. Amma in ɗaya yana tsoron ɗaya, haɗa su gaba da gaba ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne. Ƙaramin zai miƙa hannu ya ce ya yafe don a sake shi, da an fita ƙofa kuma ya biya kuɗin ƙarar da ya kai. Yafiya tana iya zuwa daga baya, bayan cutar ta tsaya, kuma in wanda aka cuta ne ya so.

Ba bulala ce maganin mai cin zali ba?

Na san da yawa daga cikinmu da ita aka rene mu, kuma na san zafin da mutum ke ji in ya ga an zalunci maraya. Amma dubi abin da bulalar ke koyarwa: wanda ya fi ƙarfi yana dukan wanda ya fi shi rauni. Darasin da yaron ya riga ya haddace ke nan. Zai koyi ɓoyewa, ya kuma huce a kan wanda ya tona shi. Ma'aikatar ilimi ta daɗe da hana duka a makarantu, kuma sashe na 28 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ya ce horon makaranta dole ya kiyaye mutuncin yaro.

Barin bulala ba yana nufin a ƙyale shi ba. A zaunar da shi, a faɗa masa abin da aka sani ba tare da ja-in-ja ba, a sa ya mayar da abin da ya ƙwace ko ya biya abin da ya ɓata, a sauya masa wurin zama, a hana shi filin wasa na wani lokaci, a kira iyayensa, a ce masa ranar kaza za mu sake zama. A kuma bincika shi kansa me ke cinsa. Wani dukan da yake sha a gida yake saukewa, wani kuma yunwa ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko wanda aka zalunta, ya kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin.

Shugaban aji da manyan almajirai fa? Ai su ke taimaka mana.

Suna taimakawa, musamman a aji mai cunkoso. Amma duk yaron da aka ba takardar rubuta sunan masu surutu, balle aka miƙa masa tsumagiya, an ba shi iko a kan tsararrakinsa. Wani sai an ba shi fanke ya goge suna. A bar masa tara kaye, wato littattafan rubutu, da ɗauko alli, hukunci kuwa ya zauna hannun malami, kuma a riƙa juya shugabancin. Haka a makarantar allo: gardi yana biya wa ƙolo karatu, amma alaramma ya san wa ke karɓe wa ƙananan abincin da suka samo, wa ke aiken su cikin dare, da yadda ake kwana. Kada a haɗa manya da ƙanana a shimfiɗa ɗaya.

In abin ya shafi taɓa jiki ko lalata tsakanin yara fa?

Nan ne ma'aikata suka fi rikicewa, kuma nan ne kuskure ya fi tsada. Ƙananan yara tsara ɗaya sukan yi leƙe-leƙen son sani, wannan tsawatarwa da tarbiyya yake bukata. Amma in akwai tazarar shekaru, ko tilas, ko barazana, ko an ba da kuɗi ko alewa, ko an ce "in ka faɗa zan kashe ka", ko yaro ya san abin da ya wuce shekarunsa, to wannan cin zarafi ne, ko da mai yin shi ma yaro ne. Yana faruwa ga ƴan mata, yana faruwa ga yara maza, kuma na maza ya fi ɓoyuwa.

Abin da ma'aikaci zai riƙe: kada ka tuɓe yaro don ka duba, wannan aikin ma'aikacin lafiya ne. Kada ka yi ta maimaita masa tambaya. A raba shi da wanda ake zargi a ranar. A sanar da iyaye a asirce. In an yi fyaɗe, a kai yaron cibiyar lafiya ta CSI ko asibiti ba tare da jinkiri ba, domin maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar SIDA cikin awa 72 ake fara shi, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma ba ya wuce kwana 5, kuma duk yadda aka yi sauri ya fi. Kada a wanke tufafin da ke jikinsa kafin likita ya gani.

Za a zo maka da maganar rufin asiri, a ce a kashe wutar a zauren mai unguwa. Rufin asiri na gaskiya shi ne kada sunan yaron ya fita, kada a yi zancen a ɗakin malamai ko a majalisar shayi. Amma ɓoye maganar daga likita da hukuma barin yaron ne da ciwonsa, da barin na gaba a hannun wanda ya yi. Shi ma yaron da ya aikata a duba lamarinsa da kyau, domin wani lokaci abin da wani babba ya yi masa yake maimaitawa.

Me doka ta ce, kuma wa ake kai wa magana?

Sashe na 19 na yarjejeniyar da aka ambata ya wajabta kare yaro daga kowane irin duka, wulaƙanci da lalata. Nijar tana kuma cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da jin daɗin yaro ta 1990. A dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu, yaron da bai kai shekara 13 ba ba a ɗora masa alhakin laifi, matakan kariya da tarbiyya ake ɗauka a kansa. Daga 13 zuwa 18 kuwa alƙalin yara ke duba lamarinsa, bisa dokar 2014 kan kotunan yara. Akwai kuma dikirin watan Disamba na 2017 kan kare ɗiya mace da ke karatu da tallafa mata.

Ƙwace, gori, warewa da tsokana makaranta ce ke magance su tare da iyaye da CGDES. Rauni mai tsanani, makami, lalata ko barazanar kisa sun wuce ofishin darakta. Ana kai su ga ma'aikatan kare yara na jiha, ko ƴan sanda, ko jandarmomi a ƙauye, a kuma sanar da sufeton makarantu. Lambar ƴan sanda 17 ce. Tun farkon shekara darakta ya je ya san mutanen nan ido da ido, ya rubuta lambobinsu ya manna a ofis. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya faru a WhatsApp da dare, ina ruwan makaranta?

Da ruwanta, domin da safe a benci ɗaya za su zauna. A kwaleji da lise ana buɗe zaure a cire mutum ɗaya, ana yaɗa hoton yarinya ko muryarta, ana yi mata sharri a TikTok ko Facebook. A ce wa yaron kada ya rama kuma kada ya goge, a ɗauki hoton saƙon a ajiye. Amma in hoton tsiraicin yaro ne, malami kada ya nemi a turo masa, kada ya ajiye a wayarsa, kada ya nuna wa abokan aiki. A kai wa hukuma. Dokar 2019 kan laifukan intanet ta shafi irin wannan, kuma ya kamata manyan ɗalibai su ji haka daga bakin malamansu.

Yaya ake tunkarar iyaye?

Kowane gida daban, kada a haɗa su rana ɗaya a ofis ɗaya. Iyayen wanda aka cuta suna son su ji abu uku: an yarda da ɗansu, ga abin da aka yi, ga ranar da za a sake magana. A roƙe su kada su je gidan wancan da kansu, kada kuma su tura yayyensa su rama.

Uban wanda ya yi cutar kuwa, in ka fara da "ɗanka azzalumi ne" ka rasa shi. Bayan gaisuwa ka ce: "Alhaji, ɗanka ɗanmu ne, shi ya sa muka kira ka tun abin bai yi nisa ba." Ka faɗi abin da ya faru da ranakunsa, ka nemi taimakonsa, ka kuma ce masa a fili ba duka ake nema ba. In uba yana ci rani, a nemi uwa ko kaka ko baffa, wanda yaron ke kwana hannunsa.

Sauran yaran da ke tsaye suna kallo fa?

Su ne mafi yawa, kuma don su ake yin abin. Masu bincike a Kanada da suka ɗauki hotunan filin wasa sun gano cewa a mafi yawan lokuta akwai yara a wurin, kuma in ɗayansu ya sa baki, fiye da rabin lokuta abin yana tsayawa cikin daƙiƙa 10. Shirin yaƙi da cin zali na KiVa na ƙasar Finlan, da aka tsara a jami'ar Turku, a kan masu kallon nan ya ginu. Ba a ce yaro ya shiga faɗa ba. A koya masa kada ya yi dariya, kada ya tura hoton gaba, ya zauna kusa da wanda aka ware, ya raka shi gida, ya gaya wa babba. A kuma raba masa tsegumi da ceto: mai tsegumi so yake a hukunta wani, mai ceto so yake a fid da wani daga wahala.

Ba mu da kuɗin horo. Ta ina za mu fara?

Ba sai an jira wata ƙungiya ta kira taro a otal ba. Zaman ƙara wa juna sani na CAPED da malamai suka saba yi ya isa a fara, sannan a yi wani zaman a cikin makaranta da sauran ma'aikata. A zana taswirar makarantar a allo, a ba yara alli su nuna wuraren da suke tsoro. Daga nan a raba wa manya tsaron lokacin hutu da lokacin tashi, kowa da ranarsa da wurinsa, a daina taruwa duka a inuwa ɗaya. A naɗa mutum biyu, mace da namiji, da yara suka san za su iya zuwa wurinsu. A sayi kaye ɗaya na rubuta ƙararrakin yara a ajiye shi a kulle. A rubuta dokokin aji tare da yara. Alhamis ta farko ta watan Nuwamba ita ce ranar da UNESCO ta keɓe don yaƙi da cin zali a makarantu, 16 ga Yuni kuma ranar yaron Afirka ce, duka biyun dama ce ta tara iyaye. Fatana shi ne makarantar horon malamai ta Kaocen da ke nan Tawa ta riƙa ba wannan darasi lokaci mai yawa, don sabon malami ya isa ƙauyen da aka tura shi da shi a hannu.

Ta yaya za mu san horon ya yi amfani?

Kada a yi tsammanin abin zai ƙare ƙurmus. Wani nazari da ya tattara sakamakon shirye-shirye da dama a 2011 ya nuna suna rage cin zali da kimanin kashi 20 cikin 100, kuma waɗanda suka fi tasiri su ne masu daɗewa, masu haɗawa da iyaye da tsaron filin wasa. Zama ɗaya a watan Oktoba ba ya kai mutum Yuni, ga kuma sauyin malamai da ake yi kowace shekara, don haka a maimaita.

A watannin farko ƙararraki za su ƙaru. Kada darakta ya tsorata ko ya ɓoye wa sufeto, yara ne suka fara yarda za a saurare su. Sau ɗaya a kowane zango a raba wa manyan azuzuwa takarda ba suna, a tambaye su ko an cuce su, a ina, kuma sun gaya wa wani babba ko a'a. Ƙanana kuwa a tambaye su da baki, rukuni-rukuni. Duk yaron da ya kawo magana a koma masa bayan mako ɗaya, sannan bayan wata, a tambaye shi shi kaɗai ko abin ya tsaya, a rubuta amsarsa a ƙarƙashin bayanin farko. In ya ce bai tsaya ba, a sake kiran iyayen wanda ke cutar da shi a makon, a kuma sauya matakin da aka ɗauka.